Sauyin Yanayi da Rikicewar Lokuta a Dazukan Fadamarmu



Da takardar gayyata ta iso mana, muka ga an nemi mu yi magana a kan sauyin yanayi, sai muka ce wannan riga ta yi wa tsohon malamin firamare yawa. Don haka muka rage ta daidai wuyanmu. Abin da za mu taɓo shi ne abu guda da idonmu ya gani tun muna yara har furfura ta kama mu, wato yadda lokutan dajin fadamarmu suka rikice: lokacin zuwan ruwa da lokacin janyewarsa, lokacin tofon itatuwa da hudarsu, lokacin hayayyafar kifi da saukar tsuntsaye. Da yawa daga cikinku sai da salla ko biki kuke zuwa gida, ku hangi kurmi daga kan titi, ku ga har yanzu da sauran duhunsa, ku koma da zaton komai lafiya. Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku.

Bari mu fara da tuna yadda shekara take juyawa a da, domin 'ya'yanku da aka haifa a birni ba su san ta ba. In bazara ta yi nisa, zafi ya kai intaha, sai a wayi gari a ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa tana jan kirare. Ba a bukatar sanarwa, kowa zai ɗauko fartanyarsa ya kai maƙera. Tsamiya da marke su yi sabon tofo tun ruwa bai sauka ba, shi kuwa gawo, mai saɓa wa 'yan'uwansa, ya fara kaɗe nasa ganyen. A cikin Yuni ruwan shuka ya zuba. Manomin shinkafa ya watsa irinsa a fadama, ruwan sama ya rene ta na wasu makonni har ta yi ƙarfi, sa'an nan ruwan kogi ya biyo baya. Shi wannan ruwa daga nesa yake tasowa: Kogin Haɗeja yana kwaso na ƙasar Kano ta hanyar kogunan Kano da Calawa, Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos da Bauci. Wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta yake iso mu, kuma ba da gudu yake zuwa ba. Rarrafe yake yi, yau ɗan yatsa, gobe taƙi, shinkafa tana miƙa wuya tare da shi, har ya cika ya batse a Satumba ko farkon Oktoba.

A wannan lokaci ne kurmi yake shiga ruwa. Giyayya da bagaruwa su tsaya cikinsa har iya ƙugu wata biyu ko uku ba abin da ya dame su. Tarwaɗa da karfasa da kawara su baro kogi su bi sabon ruwa cikin burgu da saiwoyi su zuba ƙwai, 'ya'yansu su girma a inda akwai abinci da maɓoya. Belbela da zalɓe su cika rassa da sheƙa, tun da babu muzuru ko yaro mai danƙo da zai kai gare su, kashinsu kuma yana zuba cikin ruwa ya zama taki. Daga Nuwamba ruwa ya juya baya. Masunta su tare hanyoyinsa su kama kifin da ya yi ƙiba, manoma su bi sawunsa da wake a kan danshi, 'ya'yan bagaruwa da suka jiƙu su tsiro a kan laka. In an gama girbi, Fulani su gangaro da shanu su sami burgu ɗanye. Gawo ya yi ganye shar lokacin da kowa ya bushe, ya zubo wa awaki 'ya'ya a tsakiyar rani. Dukawa su aiko a tsince musu bagaruwar jima. Can cikin bazara, in tafkuna sun ƙafe, gaiwa ta shige laka ta kwanta jiran wata shekara, Sarkin Ruwa ya ba da ranar su, gari ya fita da gora da koma.

Abin lura a nan shi ne kowane ɗaya yana jiran wani. Iyayenmu kuwa sun riƙe wannan jadawali da lissafi. Ba su dogara da watannin Hijira wajen noma ba, saboda su suna zagaya shekara. Taurari suke ƙirgawa, guda 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, bakwai ga kowane yanayi. Tsoho zai ce maka an shiga Zira'a ko Nasara, ya gaya maka irin ruwan da za a sa rai da shi, kuma sau da yawa maganarsa ta fito. Taurarin suna nan inda suke har gobe, ba su yi latti ba ko da kwana ɗaya. Ruwan ne ya daina bin su.

Farkon abin da ya girgiza wannan tsari a idonmu shi ne farin 1972 zuwa 1973. Muna 'yan makaranta a lokacin, mun ga gawarwakin shanu a bakin hanya. Na 1983 zuwa 1984 ya same mu mun fito daga kwalejin horon malamai muna riƙe da aji, kuma shi ya fi muni. Masu auna faɗin ruwan da ke malala a wannan fadama sun nuna cewa a wajen 1970 yakan haura murabba'in kilomita 2,000, amma a 1984 bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tafkin Cadi, inda ruwanmu yake ƙarewa ta Komadugu Yobe, yana da kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Kurmin da ke can gefen tudu, wanda sai a shekarar babban ruwa yake sha, a wannan tsakani ya bushe a tsaye, masu gatari suka ƙarasa shi.

To, amma gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɗora wa sama laifin komai ba. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne, mutanen Kano suna shan ruwa, Kadawa da Kura suna noman rani, kuma da yawa daga cikinmu tumatirin can muke ci. Sai dai madatsa aikinta ke nan ta riƙe ruwan damina ta sake shi da rani. Kogin da a da yakan cika ya kuma ƙafe, sai ya koma mai gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da kacala take so. Da can rani yakan kashe ta, yanzu kuwa ta sami gindin zama, ta cika magudanai, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyoyin ruwa irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya tafi ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka wani gari yana kukan ruwa ya cinye masa gona shekara da shekaru, maƙwabcinsa yana kukan ƙishirwa. Jan-baki kuma ya sami masauki a cikin kacalar, yana fita da safe ya yi wa gero da shinkafa ɓarna.

A kan wannan miki ne ɗumamar duniya ta zo ta yi fami. Hayaƙin man fetur da kwal da gas da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama yana riƙe zafi, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a kan yadda yake a ƙarshen ƙarni na 19, shekarar 2024 kuma ta zarce duk shekarun da aka auna kafin ta. Wani zai ce digiri ɗaya me zai yi? Ga abin da yake yi: duk ƙarin digiri ɗaya, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Ke nan tana tsotse ƙasa da tafki da sauri, in kuma ta tashi zubarwa sai ta juye gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku daga 1982.

Shi ya sa in aka ce muku ruwa ya dawo tun daga shekarun 1990, gaskiya ne, amma ba wanda ya tafi ne ya dawo ba. Marka irin ta da, wadda za a kwana uku ana yayyafi ƙasa tana sha a hankali, ta yi ƙaranci. Yanzu sai a yi ruwa ɗaya a Mayu ya ruɗi mutane su yi shuka, ya ɗauke mako uku, shuka ta ƙone, a sake sayen iri. Sa'an nan a Agusta ko Satumba a zubo ruwan wata guda cikin kwana biyu. Madatsun ruwa su cika su tumbatsa, kogin da yashi da kacala suka cike cikinsa ya rasa inda zai kai shi, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Mun gani a 2012, mun gani a 2020, na 2022 kuwa ba wanda zai manta da shi a Jigawa da Yobe. A faɗin Nijeriya ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Masanan da suka bi diddigin abin sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Cadi kimanin sau 80.

Yanzu mu koma cikin kurmi mu ga abin da wannan yake yi wa itace. Bagaruwa babba tana jure ruwa na watanni, amma dole saiwarta ta sha iska a wani ɓangare na shekara. In ruwa ya zauna mata damina da rani, shekara biyu ko uku, sai ta mutu a tsaye, kuma duk wanda ya bi ta wajen Marma ya ga irin waɗannan kututture. Ƙaramar kuwa lamarinta ya fi wuya. Tana bukatar ruwa ya janye a kan kari, ya bar mata laka mai danshi ga sanyin hunturu, domin ta zura saiwa ƙasa kafin zafin Maris, ta kuma yi tsawon da kanta zai fi ƙarfin ruwan baɗi. In ruwa ya yi jinkirin janyewa har cikin Janairu ko Fabrairu, tana tsirowa zafi zai tarye ta. In ya janye da wuri, ƙasa ta daskare kafin ta kafu. In kuwa ta tsallake waɗannan, ambaliya mai zuwa farat ɗaya ta shafe kanta. Wadda ta tsira daga duka ukun, akuya tana jiran ta.

Mun shiga kurmin garinmu bara tare da wani tsohon masunci, abokinmu tun na ƙuruciya. Muka yi ta tafiya muna duban ƙasa. Manyan itatuwan da muka hau muna yara suna nan, wasunsu. Matasa, masu kaurin damtse ko cinya, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya. A matsayinmu na waɗanda suka riƙe makaranta, mun san abin da ake nufi in aka ce aji shida a cike yake amma shekara da shekaru ba a ɗauki 'yan aji ɗaya ba. Daga waje makarantar tana nan, da tuta da ƙararrawa.

Gawo da goruba da kanya, su ba a cikin ruwa suke ba, amma da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke rayuwa, shi kuwa malalar fadama ce take ciyar da shi. Ruwan da ya kwanta wata uku a shimfiɗe yana nitsewa ya cika rijiyoyi, wanda ya zo da gudu ya taru a kwari ɗaya bai yin wannan aiki yadda ya kamata. Ga kuma injinan ban-ruwa da muke saya wa 'yan'uwa, da kyakkyawar niyya, suna zuƙa daga tulu guda. Masu amya suna ce mana huda ba ta zuwa gaba ɗaya kamar da, sai tsilli-tsilli, zuma ta ragu. Manoman alkama kuma sun fi kowa sanin cewa sanyin hunturu yakan makara ya kuma yi saurin tafiya, alkama ba ta gama cika ido ba zafi ya same ta.

Kifi shi ma da lokaci yake aiki. Tashin sabon ruwa ne yake motsa shi ya yi ƙwai. In ruwa ya tashi ya koma cikin 'yan kwanaki, ƙwai ya bushe a kan ciyawa. In malala ta yi gajarta, 'ya'yan su dawo kogi ba su kai ko'ina ba, su faɗa cikin taru mai ƙananan idanu. Mutum ya kama kwando guda na abin da da an bar shi wata uku zai cika jirgi.

Akwai kuma baƙinmu na Turai. Kowace shekara daga wajen Oktoba agwagin ruwa da wasu tsuntsaye iri-iri suna ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a nan, su koma a Maris ko Afrilu. Saboda su ne Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a 1989, kuma saboda su aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Su waɗannan tsuntsaye da tsawon yini suke gane lokacin tashi, shi kuwa bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne abincin da ke jiran su a kowane ƙarshen tafiya. A 1969 Ingila ta wayi gari wata 'yar tsuntsuwa da ta saba dawowa daga wajenmu ta ragu da fiye da rabi, da aka bincika sai aka tarar farin Sahel ne ya cinye ta. A Holan kuma an gano wata da take komawa ta tarar tsutsar da take ciyar da 'ya'yanta ta riga ta yi yayinta ta wuce, don sanyin can yana saurin ƙarewa. Wannan ya nuna ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Ko a Amazon ta ƙasar Brazil, inda itatuwa suke zubar da 'ya'ya daidai lokacin cikar ruwa kifi ya ci ya yaɗa irin, kogin da ya ratsa birnin Manaus ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a 2021, ya kuma yi ƙafewar da ba a taɓa gani ba a 2023, ya sake zarce ta a 2024.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne abin da rikicewar lokaci take haddasawa tsakanin mutane. A da manomi da masunci da makiyayi fili ɗaya suke amfani da shi, amma kowa da watansa, shi ya sa ba su cika haɗuwa ba. Yau ruwa ya makara, girbi ya makara, shi kuwa Bafulatani ciyawar tudu ta ƙare masa a lokacin da ta saba ƙarewa ko ma kafin nan, ya gangaro ya tarar da shinkafa a tsaye, inda burtali yake an dasa albasa. Kun san sauran labarin, wasunku ma an sha bugo muku waya da tsakar dare a nemi kuɗin beli.

Ana iya gyara wani abu? Akwai misali kusa da mu. A arewacin Kamaru madatsar Maga da aka gina a 1979 ta hana ruwa malala a fadamar Logon, ciyawa ta mutu, kifi ya ɓace, mutane suka watse. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake kwanciya a wani yanki a lokacinsa, cikin 'yan shekaru ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. Mu nan an daɗe ana ba da shawarar a riƙa sakin ruwan Tiga da Calawa a tsare, yadda zai kwaikwayi malalar damina ya kuma bar magudanai su bushe da rani. Wannan magana ce ta Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin jihohi, kuma a cikin zauren nan akwai injiniyoyi da manyan ma'aikata da 'yan majalisa da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Mu namu tuni ne.

Akwai kuwa wanda bai bukatar izinin kowa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, da sunayen ƙananan hukumomi. Mafi yawa da Turanci suke yawo a wayoyinku, manomin da abin ya shafa bai ji ba. Mutum biyu cikinku sun isa su mayar da abin da ya shafe mu cikin Hausa, a karanta a dandali da ranar kasuwa. Haka kuma muna ba ƙungiya shawara ta nemi iyayen ƙasa su zaunar da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo kowace kaka, a tsayar da ranar shigar shanu da ranar su bisa yadda ruwan wannan shekara ya kasance, tun da tsohuwar rana ta daina aiki. Batun dashe kuma, mun sha ganin an kawo darbejiya da turare an dasa ranar biki, an ɗauki hoto, an tafi. Kurmi bagaruwa da giyayya da kanya yake bukata, a rene su a leda har su yi tsawo, a dasa su a bayan ruwa, a killace wani yanki shekara uku, a biya mai gadi. Kuma a gafarce mu in mun faɗi wannan: buhun gawayin da ake ɗora muku a bayan mota in za ku koma, ana cewa tsaraba, daga cikin kurmin nan ake sare shi.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Lokacin da muke shugabancin makaranta, akwai littafin da doka ta wajabta wa kowane hedimasta ya riƙa rubuta abin da ya faru a cikinsa. A ciki mukan sa ranar da ruwa ya yanke hanya yara suka fara zuwa a kwalekwale, da ranar da hanya ta buɗe. Ba mu san muna tara wani abu mai daraja ba. Da muka je neman waɗannan littattafai bayan mun yi ritaya, sai muka tarar gara ta cinye wasu, ambaliya ta jiƙa sauran, biyu kaɗai muka tsira da su. Muna roƙon ƙungiya ta sa a bi makarantun gundumar nan a tattaro waɗanda suka rage, a ɗauki hotonsu. Sa'an nan a saya wa kowace makaranta ma'aunin ruwan sama da littafi guda mai bango mai ƙarfi, 'yan aji biyar da shida su riƙa rubuta ranar da shamuwa ta sauka, ranar ruwan shuka, ranar da ruwan kogi ya taɓa gindin wata sananniyar giyayya da ranar da ya bar ta, ranar da gawo ya yi tofo. Mun yi magana da malamai uku da suka yarda su fara daga bazara mai zuwa, littattafan nan biyu kuma mun zo da su, suna kan teburin sakatare ga mai son dubawa bayan an tashi.